Ɗana da Gyaɗa Ba Sa Ga-maciji

Sai da aka hana ɗana cin gyaɗa na san yawan gyaɗar da Bazazzagi ke ci a wuni ɗaya ba tare da ya ga ƙwayarta ba. Tana cikin man da aka soya ƙosan safe, tana cikin yajin da aka barbaɗa wa ɗanwake, tana cikin miyar taushe da faten tsaki da dambu da kwaɗon zogale, da daddare kuma ga tsire ga kilishi. Wanda aka ce ya bar kifi, ai yana ganin kifin a kwano ya ture shi gefe. Ita gyaɗa a girkinmu ɓuya take yi. An daka ta, an matse ta, an niƙe ta, ta shige cikin abinci ta ɓata.

A gidan yawa muke zaune cikin Birnin Zariya, ni da surukata Hajiya da facalolina biyu. Kowa da tukunyarta, amma tsakar gida ɗaya ce, turmi ɗaya, yara kuma ba su da shamaki, duk ɗakin da suka tarar ana cin abinci nan za su sa hannu. Wannan zama yana da daɗinsa, ban taɓa rasa mai riƙe min yaro ba. Shi ne kuma ya sa aikin da zan ba da labarinsa ya zama aikin gida guda, ba na uwa kaɗai ba.

Tun yana jariri fatarsa ke ba mu wahala. Kumatunsa da bayan gwiwoyinsa su bushe su yi ja, ya yi ta susa har jini ya fito, da hunturu abin ya fi ƙamari. Wasu suka ce kirci ne, wasu suka ce zafin nono. An shafa man shanu, an shafa man kaɗanya, har man gyaɗa an shafa, don shi ne man da ke kusa da hannu. Da ya wuce wata shida na fara ba shi koko da kunun gero, ya karɓa lafiya. Ranar da aka dama kunun gyaɗa na ɗiba masa a ƙaramin kofi, bai sha cokali uku ba ya fara ture hannuna yana goga bakinsa. Kafin na wanke kofin, gefen bakinsa da wuyansa sun yi ruɗu-ruɗu, idonsa ɗaya ya kumbura, ya kelaya amai. Hajiya ta duba ta ce borin jini ne, zai faɗa. Zuwa la'asar kuwa ya faɗa, yaro ya ci gaba da wasansa. Bayan 'yan makonni na gutsura masa dafaffen ƙwai, aka sake kwatawa, sai dai wannan karon bai kai na kunun ba.

A ƙaramin asibitin unguwa aka ce mu dakatar da ƙwan da gyaɗar, aka ba mu maganin ƙaiƙayi na ruwa. Muka dakatar, a yadda muka fahimci dakatarwa a lokacin: ba a ba shi kunun gyaɗa, ba a ba shi ƙuli-ƙuli. Babu wanda ya kawo tsire a ransa.

Ya ɗan haura shekara ɗaya lokacin da ƙanin babansa ya shigo da tsire bayan isha'i, ya ɗora shi a cinya, ya yagi ɗan mitsitsin nama ya sa masa a baki. Ina daga ɗaki na ji wani busasshen tari, ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Da na fito leɓensa ya kumbura, kukansa ya dishe, yawu na zuba, duk numfashin da ya ja sai ka ji ƙirjinsa na fito. Kafin a samo keke Napep jikinsa ya fara saki a kafaɗata. Daga unguwarmu zuwa asibitin koyarwa na Shika tafiya ce, sai an fita Ƙofar Doka, a ratsa Tudun Wada da PZ da Kwangila, a wuce Samaru. Babansa ya ce wa mai keken ya nufi asibitin da ya fi kusa, kuma wannan shawarar ce ta yi mana rana. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ba ta tsaya neman kati ba, ta tambayi abin da ya ci, ta ja allura ta soka masa a gefen cinya. Cikin 'yan mintoci fiton ƙirjin ya ragu, kukansa ya dawo da ƙarfi. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na daren nan ba. Suka hana mu tafiya sai da gari ya waye, don a cewarsu abin kan lafa ya sake tasowa bayan wasu awoyi ko da yaron bai ƙara cin komai ba.

Daga nan aka tura mu ganin likitan yara a asibitin koyarwa da ke Shika. Wadda muka samu mace ce mai yawan tambaya. Me ya ci, nawa ya ci, minti nawa tsakanin cin da fitowar ƙurajen, akwai mai asma a danginku, yana cin wake, yana cin awara, ya taɓa cin riɗi. Ta ce irin wannan borin jinin na abinci yakan bayyana ne cikin mintoci, in ya daɗe awa biyu, kuma garkuwar jikin yaron ce ke ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba ta far masa, sai jiki ya saki sinadaran da ke kumbura fata da maƙogwaro su kuma saukar da bugun jini. Suya ko dahuwa ba sa kashe wannan furotin. Yaran da suka yi fama da irin fatar ɗana tun suna jarirai sun fi saurin kamuwa, ta kuma ce daga ranar kada a sake shafa masa wani mai da ke da gyaɗa a ciki, basilin kawai da man da za ta rubuta.

An ɗibi jininsa an yi gwaji, sakamako ya nuna gyaɗa da ƙwai. Amma likitar ta ce ita labarin da muka ba ta ya fi takardar ƙarfi a wurinta. A ƙasashenmu, in ji ta, gwajin jini kan nuna gyaɗa a jikin yaron da ke cin gyaɗarsa lafiya ƙalau, musamman mai tsargiya ko tsutsar ciki, an ga haka a binciken da aka yi kan 'yan makaranta a Ghana. Don haka ba a hana yaro abinci saboda takarda kawai. Wannan maganar ta taimake ni daga baya, lokacin da tsoro ya so ya sa ni in hana shi rabin abincin duniya. Gyaɗa dangin wake ce, amma yawancin masu irin ciwonsa suna cin wake da waken suya da daddawa ba abin da ke samunsu, shi ma haka. Aya kuwa saiwa ce, ba ta haɗa komai da gyaɗa ba, kunun aya da dabino da kwakwa yana sha har ya nemi ƙari. Daƙuwa ce dai ba ya taɓawa, don ita ana haɗa ta da gyaɗa.

Da muka dawo gida, mai na fara bi ta kansa. A kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari, duk farin mai sunansa man gyaɗa, ko na waken suya ne ko na kwakwar manja da aka tace. Ka tambayi mai shago, ya ce maka man gyaɗa ne mai kyau, yana ganin yabon kayansa yake yi. Wanda ake aunawa a kwalba daga jarka kuwa ba mai iya rantse maka abin da aka gauraya a ciki. Likitar ta bayyana min cewa man da kamfani ya tace sosai yawanci furotin ɗin ya fita daga cikinsa, amma man ƙuli, wanda mata ke matsewa a gida daga tunkuza, yana nan da furotin ɗinsa, kuma shi ne mai ƙamshin da muke so. Na koma sayen mai rufaffe na kamfani wanda aka rubuta abin da aka yi shi da shi a jiki, sai manja. Ƙanwata da ke taya ni aiki na koya mata neman kalmomi biyu a jikin kowace leda da gwangwani, groundnut da peanut, har da ƙananan rubutun nan na ƙasa inda kamfani ke cewa wataƙila an samu ɓurɓushi. Biskit da cakulan sun fi yawan wannan gargaɗin.

Kayan kamfani ma da sauƙi, tunda akwai abin karantawa. Injin markaɗe ba shi da rubutu. Wata safiya na bi yarinyar da muke aika da kaina, na tsaya ina kallon layi. Bokitin da ke gaban namu soyayyar gyaɗa ce ta masu ƙuli-ƙuli. Mai injin ya zuba ta, ta fito da kauri tana naso, ya sa hannu ya kwashe abin da ya maƙale a bakin injin, ya watsa ruwa kofi ɗaya, sannan ya miƙo hannu ya karɓi wakenmu. Farkon markaɗen da ya zubo cikin bokitinmu launin ƙasa-ƙasa ne, sai daga baya ya yi fari. Mutumin bai yi laifin komai ba, haka ake yi tun fil azal, kuma ga kowa ban da ɗana wannan ba komai ba ne. Alalar ranar dai shi bai ci ba. Daga nan na sayi blanda, kayan miya da wake nake markaɗawa da kaina duk lokacin da aka kawo wuta, in juye a robobi in ajiye. Hatsin tuwo da na kunu kuma muna kai shi injin da garin hatsi kaɗai yake niƙawa, shi ma sai da na je na tambaya ko suna karɓar haɗin garin kunun yara, wanda ake zuba wa gyaɗa da waken suya.

Turmin gida shi ma na bar shi. Itace yana shan mai, ga tsaguwa a gindinsa inda dakan jiya ke maƙalewa. Na sayi ƙaramin turmi da taɓaryarsa, da muciya da ludayi da tandar waina, na ɗaura musu jan zare don kada su gauraya da na tsakar gida. Sauran kwanuka na ƙarfe da tangaran wankin sabulu da soso ya ishe su. Hannu ma haka, ruwa da sabulu. Man goge hannun nan da aka saba da shi lokacin korona yana kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya ɗauke furotin ɗin gyaɗa.

Girkin kansa bai ba ni wuya yadda na zata ba. Miyar taushe da agushi nake ɗaure ta, kabewa da yakuwa suna nan, ba kowa ke gane bambancin ba. Yaji ni nake daka nawa: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, gishiri, sai soyayyen garin waken suya a madadin ƙuli. Babansa kan sayo ɗanyen nama mu gasa a gida, don tsire da balangu da kilishi na waje duk sun haramta gare shi, kilishi ma ya fi, tunda a cikin tunkuza ake tsoma shi. Kwaɗon zogale da na rama kuwa da riɗi nake yin su, tunda ya saba cin riɗi lafiya tun kafin a gano ciwon. Da azumi, lokacin da kowane ɗaki ke dama kunun gyaɗa, ni kunun shinkafa nake yi da madarar kwakwa, fari tas kamar na kowa, don kada ya ga kofinsa ya bambanta. Abin da na kasa maye gurbinsa har yau shi ne ƙuli-ƙulin kansa. Ni mai son rogo da ƙuli ce tun ina yarinya, yanzu sai na je gidanmu nake ci, in wanke hannu da baki kafin in dawo.

Duk wannan aikin kayan girki ne, kuɗi da haƙuri suna maganinsa. Mutane su ne aikin.

Shi ɗan fari ne, a cikin Birni kuma har yanzu ana son uwa ta yi kara a kan ɗan fari, kada ta kama sunansa, kada ta nuna rawar jiki a kansa gaban surukai. To ga ni ina bin sa ɗaki-ɗaki, ina buɗe masa hannu in ga abin da ya damƙo, ina tambayar matar da ta girme ni da wane mai ta yi suya. An yi min habaici iri-iri. An ce boko ne ya yi min yawa, an ce ciwon Turawa na ɗauko wa yaro a waya. Wani kawun mijina, manomi ne, irin gyaɗar da yake shukawa ma daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru yake samowa, irin nan da ake kira SAMNUT, ya ce shi bai taɓa jin Bahaushen da gyaɗa ta kashe ba, da ita aka yi dala a Kano aka gina Arewa. Ban mayar masa ba. A raina dai na ce yara nawa aka binne aka ce iska ce ko mayu, ba wanda ya tambayi abin da suka ci.

Hajiya ba ta musa cewa jikanta na da ciwo ba, daren tsiren tana tsaye. Inda muka saɓa shi ne magani. Ita a ganinta a dinga lasa masa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba, kuma hana yaro abin da 'yan'uwansa ke ci a gabansa mugunta ce. "Maigidana zai zauna yana kallon bakin mutane? A gidan ubansa?" Ni ba zan iya ja-in-ja da ita ba, ɗanta ma iyakarsa ya ce "Hajiya a dai yi haƙuri." Dabarar da ta ɓulle ita ce ranar komawa asibiti muka roƙe ta ta raka mu. Likitar ta ba ta kujera, ta gaishe ta da kyau, ta bar ni a tsaye. Ta ce, "Mama, maganarki akwai gaskiya a ciki." Ta gaya mata cewa a ƙasashen waje ana yin wannan sabon na kaɗan-kaɗan, a 2020 ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka yi da garin gyaɗa don haka, amma da ma'aunin miligiram ake farawa, abin da bai kai ƙwayar gero ba, a cikin asibiti, allura na ajiye a gefe, kuma duk da haka wasu yaran sai an yi musu allurar. "A gida, Mama, lasar da za ki ba shi don tausayi ita ce za ta iya toshe masa maƙogwaro kafin a samo mota." Hajiya ta yi shiru, sannan ta tambaya ko zai rabu da shi. Likitar ta ce ƙwai yawancin yara suna rabuwa da shi in sun girma, gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita.

Tun daga ranar na samu dogari. Abin da in na faɗa zai zama rashin kunya, in Hajiya ta faɗa doka ne. Ita ta hana 'yan tallan gyaɗa da hallaka-kwabo shigowa tsakar gida, a zaure ake tsayar da su. Ita ta sa facalolina suka koma daka ƙulinsu a bayan ɗaki suna share wurin. Baƙuwa in ta buɗe jaka za ta ba yara tsaraba, kafin in motsa na ji muryarta daga kan tabarma: "Wancan ba a ba shi, miƙo nan in gani." Da za a tambaye ni shawara ɗaya ga matar da ke zaune da surukai, zan ce kada ta ɓata bakinta, ta kai babbar gidan gaban likita.

Sai maganar allura. Sunanta adirenalin, ita ce aka yi masa a daren tsire, kuma ita kaɗai ce ke buɗe numfashi ta ɗaga bugun jini cikin mintoci. Maganin ƙaiƙayi irin su Piriton da cetirizine fata kawai suke kwantarwa, Piriton ma ga sa barci, sai ka kasa gane yaro barci yake ji ko jikinsa ne ke saki. Allurar hydrocortisone da aka saba yi wa mai borin jini a kemis kuwa sai bayan awoyi take fara aiki. A ƙasashen waje iyaye na yawo da adirenalin a cikin wani abu mai siffar biro, irin su EpiPen, a danna a cinya kawai. A nan samunsa wuya, ga tsada, ga shi bai cika wuce shekara ɗaya da rabi ba ya lalace. Abin da likitarmu ta yi shi ne ta rubuta mana ta kwalba da ƙaramin sirinji mai cin mililita 1, ta lissafa adadin bisa nauyinsa, miligiram 0.01 kan kowane kilo, ta rubuta a takarda da manyan baƙi, ta sa ni da babansa muka yi ta gwada ja da ruwa a gabanta har hannunmu ya daina rawa. Duk komawa asibiti ana auna shi a sake lissafi. Wannan ba abin da mutum zai saya ya koya wa kansa ba ne, kuskuren ma'auni a nan babba ne.

Ƙa'idar da ta ba mu a taƙaice take. In ƙuraje ne kawai ko ɗan kumburin ido, a ba shi maganin ruwa a zuba masa ido. In aka ji tari ko dishewar murya ko fito a ƙirji, ko ya yi laushi, ko amai ya haɗu da kumburi, a yi allura a gefen cinya ta waje nan take, ba jiran babansa, ba jiran a ga yadda hali zai yi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, kada dai a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. In minti 5 ya wuce ba sauƙi a ƙara ta biyu. Sannan asibiti, ko da ya warware. Maganin ba ya son zafi ba ya son haske, ba a kuma sa shi a firji ya daskare. Da bazara, lokacin da ɗaki ke zama tanderu, a gindin randar Hajiya nake ajiye jakar, nan ne wuri mafi sanyi a gidan. Lokaci-lokaci ina ɗaga kwalbar a haske, in ruwan ya sauya daga fari zuwa ruwan ƙasa ta tashi aiki. Lambar masu keke biyu na layinmu tana rubuce a bangon zaure da alli, an kuma gaya musu dalili.

Sau ɗaya muka yi amfani da allurar, a gidan suna a Gyallesu, daga miyar da aka rantse min ba gyaɗa a ciki, ashe da ludayi ɗaya aka yi ta zuba ta da taushe. Mai gidan ta fi ni kuka. Tun daga nan duk taron da za mu je da kular abincinsa muke tafiya, in kuma ciyar da shi ya ƙoshi kafin mu fita, don yaron da cikinsa ke cike bai cika miƙa hannu ba. Da Sallah cincin da naman suya na kowane gida abin tambaya ne, sai na ƙulla masa nasa a leda, 'yar'uwarsa babba, ɗiyar facalata, ita ke riƙe da hannunsa a yawon Sallah, duk abin da aka ba shi a jakarta yake shiga sai an dawo gida an tantance. Akwai kuma wanda ban taɓa tunani ba sai da na gan shi a hannun ɗan maƙwabta: abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake yin sa, ga zaƙi, yara kuma suna lasa wa junansu.

Ba kowane abu ne ke kai ga tashin hankali ba, wannan ma sai da na koya. In wani ya ci ƙuli ya sumbace shi a kumatu, wurin ya yi ja, a wanke da sabulu ya wuce. Ƙamshin suyar gyaɗa daga maƙwabta bai taɓa yi masa komai ba. Haɗarin yana ga abin da ya shiga baki.

Ƙwai ya zo mana da sauƙi. Abu ɗaya da ya taso shi ne rigakafin wata tara, inda ake haɗa ta ƙyanda da ta shawara. Ta ƙyanda ba ta da matsala ga mai borin ƙwai, amma ta shawara a cikin ƙwan kaza ake haɗa ta, don haka da na faɗa wa mai rigakafin sai ta tura mu wurin likita, aka yi masa a asibiti aka zaunar da mu ana duba shi. Da ya kai shekara huɗu aka gwada shi da kek a gaban likita, ɗan gutsure, a jira, a ƙara. Ya ci lafiya. Bayan wasu watanni aka gwada dafaffe, shi ma ya wuce. Yanzu har wainar ƙwai yake ci da biredi.

Kafin ya shiga makaranta na koya masa magana ɗaya har ta zauna a bakinsa: "Ba na cin gyaɗa, tana hana ni numfashi." Da farko "tana sa ni ciwo" na koya masa, sai na lura manya dariya suke yi su ce ɗan wannan ba zai yi komai ba. Numfashi kuwa in aka ambata kowa na janye hannunsa. A makarantar boko na zauna da malamar ajinsu da shugabar makaranta, na bar musu takarda mai hotonsa da lambobinmu. A makarantar allo babansa ya rubuta takardar da ajami ya kai wa Malam da kansa, don ranar da aka kawo sadaka ba a san mai dafawa ba. Malam ya ce a dinga ba shi dabino a madadin rabonsa.

Yanzu kuma ga ƙanwarsa. Na ɗauka likita za ta ce ita ma a nesanta ta da gyaɗa, sai na ji akasin haka. Ta ba ni labarin binciken da aka yi a Landan, aka fitar da sakamakonsa a 2015, kan jarirai 640 masu ciwon fata ko borin ƙwai: waɗanda aka fara ba gyaɗa tun kafin su cika shekara, aka kuma ci gaba da ba su a kai a kai, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Ta ce ga mai ciwon, hani ne magani, ga wadda ba ta kamu ba jinkiri ne haɗari. Cokalin farko a asibiti aka ba ta, kunu mai ruwa-ruwa, ba ƙwayar gyaɗa ba, don ƙwaya na iya shaƙe ƙaramin yaro. Ta shanye tana neman ƙari.

Ga mu nan da yara biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya dole ta ci, ɗaya dole ya guje. Yadda muka tsara shi ne Hajiya ke dama kunun a tukunyarta, sau uku a mako, bayan ya tafi makaranta. A ɗakinta ake ba yarinyar, da kofi da cokalin da ba sa fitowa daga can. In ta gama a wanke mata baki da hannu da sabulu, a sauya mata riga, sannan a dawo min da ita. Shi kuma likitar ta ce in ya cika shekara shida za a sake ɗibar jininsa, in adadin ya sauka sosai sai a yi maganar gwada shi a asibiti kamar yadda aka yi da ƙwai.